Yadda Sarkin Bariki Ya Kauce wa Lamba

A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, an yi wani mutum a Boɗinga ana ce masa Sodangi, shi ne Sarkin Bariki. Kada sunan ya ruɗe ka. Barikin ɗaki biyu ne na ƙasa a bakin hanya, inda Bature kan sauka in ya fito rangadi, sarautar kuwa ba ta wuce shara da ɗebo ruwa da korar jemagu ba. To amma an haɗa masa da jar hula da wani tsohon keke, shi ke nan mutanen Boɗinga suka shiga uku. In Sodangi ya zauna a gindin durumin kasuwa ya buɗe baki, sai ka rantse Turawa ba sa atishawa sai da izninsa. Ya ci abinci kwano ɗaya da Razdan, babban Baturen lardi. Babban likitan Sakkwato ma, a faɗarsa, ba ya yanka mutum sai ya aiko Boɗinga ya ji shawara.

Shekarar nan agana ta ɓulla wajen Kajiji, ta kwashe yara, manyan da ta bari ta bar su da zanzana a fuska. Sai hukuma ta baza 'yan lamba. Aikinsu su tare ƙofofin kasuwa, kowa ya zo su ɗan karce dantsensa su ɗiga magani. Wurin ya tashi, ya yi ƙurji, ya warke ya bar tabo, mai tabon nan kuwa agana ba ruwanta da shi. Mutane da yawa suna tsoron abin, wasu har sun daina zuwa kasuwa. Sodangi kam dariya yake musu.

"Lamba?" in ji shi. "Babban likita da kainai yay yi min ita Sakkwato, ina cin goro. Ban ma san an yi ba sai da niz zo gida."

Ƙarya yake, ba a taɓa yi masa ba. Mutumin da in za a yanka kaza a gidansa sai ya tuna yana da aiki a bariki. Ranar da 'yan lamba suka zo Boɗinga, matarsa Atika ta kai kanta da 'ya'yanta, shi kuwa ya wuni yana duba rumbu ta ciki.

Rannan Di'o, Baturen da ke kula da yankin, ya sauka a bariki, wani dogo mai jan wuya wanda ya iya Hausa daidai ta ba da umarni. Sodangi ya kawo masa ruwan sha, ya ƙame ya sara. Bature ya dubi ruwan, ya dubi hannun da ya kawo shi.

"Sarkin Bariki, nuna mini lamba."

"Ranka shi daɗe, an yi ta tuni. Sai dai jikina irin na sarauta na, ba shi riƙon tabo."

"Gobe babu aiki," in ji Bature. "Gobe kasuwar Shagari, akwai 'yan lamba. Ka tafi. Zan dawo nan bayan rangadi. Idan akwai tabo, akwai hula. Idan babu tabo, babu hula, babu keke, babu Sodangi."

Kafin la'asar labari ya zaga gari, daga bakin Sodangi ba daga bakin kowa ba, cewa Bature ya ba shi hutu don jin daɗin aikinsa, ya kuma roƙe shi ya leƙa Shagari ya duba ko 'yan lamba na aiki yadda ya kamata. Ya ce shi ba mai tare shi a ƙofa, dogarai ma in sun hangi jar hularsa zubewa suke. Maƙwabtan da suka kwana biyu suna gudun kasuwar Shagari suka ce madalla, ɗan aike ya samu. Tsohuwa Tani ta jawo jar akuya, a kai wa 'yarta da ta haihu a can. Ladan ya kawo garma, a kai wa maƙera su koɗa ta. Atika ta ce tulu, da gishiri, da daddawa.

Da ya fara gunagunin cewa sarki ba ya ɗaukar tulu, Atika ta ajiye muciya.

"Maigida, ni kak ka yi min wagga magana. Ina tsaye bakin rumbu ranad da sunka zaka, ina jin numhwashinka ciki. Agana tak kashe ƙanena ina riƙe da shi, kuma hulag ga ita ka cishe mu. Ka tai a yi ma abin ga, ka dawo min da tuluna."

"Mata ba ku san sha'anin mulki ba," in ji Sodangi, ya fita da sauri don kada yara su ji sauran.

Amma ya riga ya ƙulla dabara, kuma kamar kowace dabara tasa, shi kaɗai ta burge. Me Bature ya ce? Tabo. Ai bai ce magani ba. Shi kuwa maganin ya fi tsoro, don ya ji an ce daga jikin saniya ake tatso shi, yana kumbura hannu ya kwantar da mutum. Tabo kuwa kowane wanzami na iya yi. Zai tsaya a bakin Shagari a ɗan tsattsaga masa dantse, ya nuna wa 'yan lamba ya ce an riga an yi, kafin Bature ya dawo wurin ya warke ya bar shaida. Ya yi ta murmushi shi kaɗai, yana tausayin mutanen da Allah bai ba su kai irin nasa ba.

Da sassafe ya ɗaure garma a bayan keke, ya ɗaura igiyar akuya a gefe. Maƙwabcinsa Mode, wanda aka yi wa lamba tuni, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ga ƙarshen cika baki, ya ce shi ma yana da buƙata a Shagari, ya hau jakinsa ya biyo shi. Sodangi ya taka keke har ya fita idon mutanen gari. Daga nan ya sauka ya ci gaba da turawa, don iyakar abin da ya iya ke nan.

"Sarki, keken ya gaji na?" in ji Mode.

"Hutu anka ba ni, Mode. Shi ma ma'aikaci na, hutu shika yi."

Suka iso Shagari rana ta kusa tsaka. An kewaye kasuwa da shingen ƙaya, an bar ƙofa biyu, ta arewa da ta kudu, kowace da ɗan lamba da dogari. Sodangi ya ce Mode ya yi gaba, shi zai tsaya gyaran fuska, bai kamata ya duba aikin gwamnati da gemu a hargitse ba. Mode ya nuna tabonsa ya shige.

A gindin wata tsamiya akwai tsohon wanzami, Bawa, zaune da zabirarsa. Shi agana ta yi masa nata zanen tun yana yaro, don haka 'yan lamba ba sa taɓa shi, amma ya tsane su, a ganinsa yara ne da suka shigo sana'ar aska ba gado ba koyo. Sodangi ya tsuguna ya raɗa masa buƙatarsa.

"Wanga karcen kaza da suka yi, shi kaka so?" in ji Bawa.

"Awo. Amma ka san da wa kaka magana. Ni as Sarkin Barikin Boɗinga, ba ni son irin ta talakkawa. Ka yi wadda Bature za shi gani shi jinjina kai."

"Ranka shi daɗe, ka zaka inda ad daidai. Jiya-jiyan ga niƙ ƙare ma wata amarya ado can ƙauyen Mandera, hannuna da sauran ɗumi."

Duk mai hankali da ya ji wannan magana zai tashi ya kama gabansa. Sodangi ya naɗe hannun riga, ya miƙa dantsen hagu, ya juya fuska wajen tsamiya ya rufe ido gam, don ba ya iya kallon jini. Don kada a ji haƙoransa na kaɗawa, ya shiga ba da labarin ranar da ya hana Razdan faɗawa rijiya. Bawa kuwa ya samu fata mai laushi, mai ita kuma ya ce a yi na gani na faɗa. Ya zana kalangu, irin wanda ake yi wa 'yan mata in biki ya matso. Ya ga gefe ya yi fili, ya jera masa taurari. Ya ƙara 'yan ɗigo-ɗigo a ƙasa don kada a ce ya yi rowa. Sannan, kamar yadda ubansa ya koya masa, ya kwaɓa baƙin tukunya da man shanu ya murza a ciki, yadda zanen ba zai goge ba har kabari. Ya ɗaure wurin da tsumma.

"Ta yi kyau?" in ji Sodangi, ido a rufe har yanzu.

"Ko ɗiyas sarki ba ta samu irinta ba."

A ƙofar arewa ya iske layi, ya ratsa shi da keke da akuya yana buga ƙararrawa. Dogari bai zube ba. Ya gitta sanda.

"Dantse."

"Ka san ko ni wa na?"

"Dantse," in ji dogari.

Sodangi ya kwance tsumma ya miƙa wa ɗan lamba hannu yana kallon sama, ya ce an yi masa da safe a Boɗinga, ta musamman. Ɗan lamba ya duba. Ya kira dogari ya duba. Dogari ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Sodangi ya ɗauka kwarjini ne ya kama su.

"Ranka shi daɗe," in ji ɗan lamba, "wagga ta hi ƙarhinmu. Bari mu ƙara ma tamu ta talakkawa nan ƙasa, su zam biyu."

Kafin Sodangi ya haɗa kalmomin gardama, dogari ya riƙe gwiwar hannu, an karce, an ɗiga, an gama. Aka kuma ɗiga masa shuɗiyar tawada a bayan hannu, wadda ita ce shaidar an yi wa mutum, ya shiga ya fita yadda yake so. An yi masa bayani, amma bai ji ba, kunnuwansa sun toshe. Shi dai ya san ruwan saniya ya shiga jikinsa, kuma yana jin sa yana tafiya.

To a lokacin akwai abin da masu gudun lamba suka yi imani da shi, wai in ka yi maza ka goga lemun tsami a wurin, maganin ya mutu. Saboda haka wata tsohuwa Altine ta kafa tallan lemu a bayan rumfar masu kifi, ciniki kuwa sai hamdala. Sodangi ya iso wurinta yana haki, ya jingine keke, ya ce lemu yake so na miya.

"Kowa na miya shika so yau," in ji Altine, ta yanka ta miƙa masa.

Ya rufe ido ya matse lemun daga saman dantse. Ya manta da aikin Bawa. Ruwan ya bi ta cikin kalangu, ya shiga taurari ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Bariki ya yi tsalle, ya dira, ya zaga akuya, ya kira sunan uwarsa da ta rasu tun shekarar fara. Da ya dawo hayyacinsa ya ga shuɗin nan a bayan hannu, ya ce wannan ma ai maganinsu ne, ya dirje shi da ɓawon lemu har fata ta yi fes.

Altine ta ƙura wa dantsen ido. "Ɗana, yaushe ab bukin?"

"Wane buki?"

"A'a, ba komi. Allah shi ba da zaman lahiya."

"Amin," in ji Sodangi, yana ganin tsohuwa ta gane babban mutum.

Ya bar mata ajiyar keke, ya ja akuya ya fita ta ƙofar kudu zuwa cikin gari. Bai tambayi kowa gidan 'yar Tani ba, don a cewarsa Shagari tafin hannunsa ce. Gidan farko da ya ji kukan jariri ya yi sallama, ya miƙa igiya, ya karɓi godiya mai yawa daga mutanen da ba su taɓa jin sunan Tani ba. Ya dawo ƙofar kudu yana fito, dogarin can ya ce ya nuna tawada. Bayan hannu fes, sai ƙanshin lemu.

"An yi min can arewa," in ji Sodangi. "Ku duba."

Ɗan lamban kudu, wani gajere mai tabarau, ya duba dantsen hagu ya daɗe. Baƙin tukunya da man shanu da lemu sun dame wurin, karcen arewa ya ɓace a ciki.

"Wanga aikin wanzami na, kuma wanzamin ya iya. Kawo na dama."

"Za ni kai ƙara ga Razdan."

"Ka gaishe shi. Kawo na dama."

Aka karce na dama, aka ɗiga tawada. Sodangi ya miƙe sai wurin Altine.

"Miyat ba ta ji tsami ba?" in ji ta.

"Iya, ba ni lemu ki bar surutu."

Ya goge lamba, ya goge tawada, ya ji ya sake cin Turawa da yaƙi. Da hankali ya ɗan kwanta, sai bakin ya dawo. Ya sayi tulu, ya zuba gishiri da daddawa a ciki, ya tsaya a rumfar masu goro inda ya iske Mode da taron mutane. Ya gyara hula ya sanar da su cewa ya gwada hannun ma'aikata biyu da jikinsa, don shi ba ya aiki da ji-ta-ji-ta. Na arewa hannunsa da nauyi, na kudu ba shi da ladabi. Babbansu kuwa, wani wai shi Malam Ɗahiru, in bai yi hankali ba yau zai kwana ba aiki.

"Sarki, mis sa kaka warin lemu?" in ji Mode.

"Turaren Turawa na. Ba ka san shi ba."

"Gumin ga hwa?"

"Aikin gwamnati na, Mode, ba zaman kan jaki ba."

Kafin ya rufe baki maganar ta isa rumfar Malam Ɗahiru.

Saura garmar Ladan, maƙera kuwa suna wajen shinge saboda wuta. Mode ya ƙi tsaron tulu, ya ce bai kai matsayin riƙe kayan sarki ba, sai Sodangi ya fita da tulu a ka da garma a hannu. Ya ba maƙera garma. Da ya juyo ya hangi ƙofa, ya dubi bayan hannunsa, sai wani abu ya fara motsi a kansa, amma bai ƙarasa motsin ba. Iyakar abin da ya gane shi ne ƙofa ce matsalar. Ya zaga bayan kasuwa ya samu wani rami da karnuka suka yi a ƙarƙashin shinge. Ya tura tulu ya shige. Ya tura kai da kafaɗu, ƙaya ta kama babbar riga ta baya, ya kasa gaba ya kasa baya. Tulu ya gangara a hankali, ya yi karo da dutse ya rabe, kaji suka taru a kan daddawa. Da Sodangi ya ɗaga ido sai ya ga takalman dogarai.

Suka zaro shi, suka kai shi rumfar Malam Ɗahiru a tsakiyar kasuwa, jama'a na biye. Malam Ɗahiru mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda gara su zage ka. Ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Bariki. Mun ji an aiko ka duba mu. Da ka sanad da mu, da mun share ma ramin."

"Sirrin aiki na," in ji Sodangi. "Shingen nika gwadawa."

"Madalla. An yi ma lamba?"

"Sau biyu."

"Ina tawada?"

Sodangi ya ɓoye hannuwansa a baya. Malam Ɗahiru ya matso ya shinshina, ya gyaɗa kai, ya aika aka kira 'yan lamban ƙofofin nan biyu. Na arewa ya ce shi ya yi masa a hagu. Na kudu ya ce shi ya yi masa a dama. Suka haɗa baki suka ce ai ba mai manta mai kalangu.

"Wane kalangu?" in ji Sodangi.

Malam Ɗahiru ya ce a taimaki Sarki ya cire riga, ƙaya ta yaga ta. Dogarai suka taimake shi har da 'yar ciki. Kasuwa ta zuba wa dantsen hagu ido. Sai wata mai fura ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, masu goro suka kifa kan tabarmi. Sodangi ya karkata wuya ya dubi dantsensa a karo na farko tun da ya bar gindin tsamiya. Ga kalangu baƙi ƙirin, ga taurari, ga ɗigo-ɗigo, tsaf kamar gobe za a kai shi ɗakin miji.

Ya buɗe baki zai ce sabuwar lamba ce da ake yi wa manyan ma'aikata a Kaduna, kuma na rantse da an bar shi da wasu sun yarda. Sai ga Bawa ya kutso cikin taro yana ɗaga zabira, don shi ba ya jure a yaba aikinsa ba a ambaci sunansa ba.

"Aikina na, jama'a. Ni Bawa, gindin tsamiya. Yac ce in yi mai tabo don kar 'yan lamba su taɓa shi, nic ce in dai tabo na, a yi na kirki. Mai so ta zaka, ba ni da tsada."

"Ya kuma ƙare min lemu," in ji Altine daga baya. "Na miya."

Malam Ɗahiru bai yi dariya ba, shi ya fi ciwo. Ya ce tun da hannun Sarki na da saurin kai wa dantse, a yi masa inda hannun ba ya kaiwa. Aka juya shi, aka sunkuyar da shi. Malam ya goga auduga mai sanyi a tsakanin kafaɗunsa, Sodangi ya kurma ihu ya ce an kashe shi, ya yafe wa kowa, a gaya wa Atika ta riƙe yara da kyau. Yana cikin wasiyya Malam Ɗahiru ya riga ya wanke hannu.

"Ku yi ku gama, don Allah," in ji Sodangi.

"An gama tun kana yahe ma mutane."

Aka zaunar da shi a tabarma, dogari a kansa, har wurin ya bushe. Da aka sake shi ya tsinci ɓawon lemu a ƙasa ya shiga neman bayansa, ta sama, ta ƙasa, yana juyi wuri ɗaya kamar kare da jelarsa. Ya roƙi Mode. Mode ya ce bai kai matsayin taɓa jikin sarki ba.

Labari ya riga su isa Boɗinga a motar gyaɗa. Tani na bakin ƙofa tana tambayar wa aka ba akuya, Ladan na tambayar garma, wadda ke can wurin maƙera. Atika ta karɓi wuyan tulu, ban da keke iyakar abin da ya kawo ke nan, ta ɗaga hannun rigarsa ta duba.

"Ni da anka kawo gidan ga amarya, ba a yi min ko rabin wanga ba," ta ce, ta koma ɗaki.

Lemun tsami kuwa bai kashe komai ba. Lambobin nan uku suka kama gaba ɗaya, suka tashi suka cika. Hagu ba kwanciya, dama ba kwanciya, baya ba kwanciya. Sarkin Bariki ya yi jinyarsa rub da ciki, hannuwa a baje, Atika na ba shi kunu a ludayi. Maƙwabta suka yi ta zuwa dubiya, kowa sai ya roƙi a ɗan ɗaga masa mayafi ta hagu.

Da Di'o ya dawo, Malam Ɗahiru na tare da shi. Bature ya sa Sodangi ya tuɓe, ya zaga shi. Ya ga tabo a hagu, a dama, a baya. Ya tsaya a kan kalangu ya daɗe, ya ciro hankici ya toshe baki kamar mai tari.

"Na ce ɗaya, ka kawo uku," in ji shi. "Akwai hula."

Sodangi ya fara shirya yadda zai ba da labarin, sai Bature ya ƙara da cewa:

"Kuma Malam Ɗahiru yana son ka. Duk ranar hutu, ka bi shi ƙauye. Mutane su gani."

Haka aka yi. Hutun da ya biyo baya ya same shi a dandalin Mandera, tsaye a kan turmi, ba riga, jar hula a ka. Da ya ga taro ya yi kauri sai tsohuwar cuta ta motsa. Ya gyara murya zai fara bayanin yadda jarumi ke karɓar lamba, mai shelar gari ya riga shi.

"Jama'a, ku matso ku gani. Wanga shi am matsoracin da yah hi kowa ƙasag ga. Ya bi ramin kare, ya yi kuka gaban mata. An yi mai ukku, ga shi da rai, shina cin tuwo."

Wani tsoho manomi, wanda ya rantse ba mai taɓa gidansa da ƙarfen Nasara, ya matso yana dogara sanda. Ya zaga Sodangi a hankali, ya latsa tabon baya da yatsa, ya dawo ya leƙa fuskarsa.

"Gaskiya ta? Kai kay yi kukan?"

Sodangi ya dubi Malam Ɗahiru. Ya kai hannu ya taɓa hularsa, ya ji tana nan.

"Ni na, Baba."

Tsoho ya jingine sanda, ya naɗe hannun riga.

"To in wanga ya rayu, a yi min. A kira min mata da ɗiya su ma."